Wai Rowar Sifana Gare Shi

Bazarar nan da muke ciki ita ce ta goma sha biyu tun da rijiya ta rufta da yayana Haruna. Na so in rubuta masa irin abin da ake rubuta wa mamata, in ce mutumin kirki ne, in roƙa masa gafara, in ajiye alƙalami in koma kan aikina. Zuciyata ta ƙi. Har yau in za a kwatanta gidansa a ƙauyenmu, can gabas da Badaguishiri, ba a cewa gidan Haruna mai famfo, sai dai a ce gidan Mai-rowa. Baƙo ya sauka daga mota, haka za a nuna masa. Saboda wannan sunan na zauna rubutu, ni da na koyi boko da girmana a ajin yaƙi da jahilci na Dogarawa, inda nake aure. Ku yi haƙuri da hannuna, ba na 'yan lakwal, makarantar boko, ba ne, kuma raina a ɓace yake.

A shekarun da aka yi ta haƙa wa ƙauyuka famfon da ake tuƙawa da hannu, namu ma ya samu. Mutanen proje, masu aikin haƙa famfon, suka ce a ba su mutum ɗaya da za su koya wa gyara. Ba a yi dogon nema ba, don Yaya Haruna ne ke liƙe wa mutane tayar keke, shi ke buɗe rediyo in ta yi shiru. Suka tafi da shi Konni, ya yi 'yan kwanakinsa ya dawo da akwatin ƙarfe a ka. A ciki akwai awartaki, da sukurdireba, da magagari, da zarton yanka ƙarfe, sai babbar cikinsu, wata sifana mai tsawon kamu guda, irin wadda ake murza mata wani ɗan ƙarfe da babban yatsa bakinta ya buɗe ko ya tsuke daidai da notin da za a kwance. A gaban mai gari aka gaya masa cewa kayan nan na famfo ne, ya riƙe su amana. Mutane suka ji rabin maganar, suka ce ai kayan gari ne, suka watse.

Wanda ba ɗan ƙauye ba sai na yi masa bayanin yadda muke aro, don a nan maganar take. Mu ba a hana aro. Mace ta shiga gidan maƙwabciya ta ɗauko turmi, ta ɗauko rariya, ta ɗebo garwashi a katanga, sallama kawai ake yi. Namiji ya ɗauki gatari ko tsani ko jaki. Ni ma haka na tashi, kuma ba zan zagi al'adar ba, ita ta raya mu a shekarun da ruwa ya ƙi. Amma akwai ƙa'ida guda da ta fi sauran ƙarfi: ba a tambayar mai aro abin da zai yi da abu. Ka ba shi, ko ka rantse ba ya nan. In ka ce masa me za ka yi da shi, ka ci masa fuska, kamar ka ce ba shi da hankali ko ɓarawo ne.

Wata bai cika ba kayan famfo suka shiga gari. Wanzami ya gano awartaki ya fi yatsunsa cire haƙori, daga nan ya wuce ga cire ƙaya a kofaton jaki. Sukurdireba ta zama ta huda gwangwanin tumatir, da huda fata in za a ɗinke guga, har da tono albasar da ta ƙi fita. Magagari kuwa duk jajibirin layya ba ya kwana gida, wuƙaƙen gari duka shi ke wasa su. Zarto ya yanke ƙahon rago, ya yanke ƙashin saniya a gidan suna. Sifana ita ta fi shan wahala, don tana da nauyi kuma ta zauna a hannu. Da ita ake fasa kantun sukari in an yi baƙi masu shayi, da ita ake fasa gishirin dabbobi da Buzaye ke kawowa, da ita tsofaffin mata ke fasa ƙwarar aduwa da ƙodagon goruba. An kafa turke da ita. An matse bakinta a kunnen tukunya mai zafi an sauke. Malamin lakwal ya yi kusan damina guda yana buga ta a jikin ƙarfen ƙafar mota da ya rataye a bishiya don kiran yara, wai amonta ya fi na dutse kaiwa nesa. Wata rana ma a wurin masu awon albasa aka same ta, an ɗora ta a sikeli a madadin dutsen awo da ya ɓace.

Kada ku ɗauka Yaya yana jin haushi. Dariya yake yi. Mutum ne siriri, mai wushirya, mai son ba'a, in ya dawo daga farautar kayansa gida-gida sai ya zauna a bakin zaure ya ba mu labari har cikinmu ya ƙulle. Yakan ce ko Bature da ya ƙera sifanar nan bai san rabin aikinta ba, da ya zo ƙauyenmu an koya masa. Ya goge ta da tsumma, ya ɗiga mata baƙin mai, ya murza ya ga tana tafiya, ya mayar akwati, kafin gari ya waye wani ya yi sallama. Ni kaina na tsokane shi sau da yawa, ina cewa ya fi kula da ita fiye da matarsa Mariyama. Ya ce ai Mariyama ba a fasa gishiri da kanta.

Haka aka yi shekaru, famfo na ba da ruwa, yana gyara shi in ya yi tari. Sai wata rana ya lura bakin sifanar ya fara wasa. In ya matse ta a noti, sai leɓen ya ɗan karkace, don bugu ya fara lanƙwasa ɗan ƙarfen da ake murzawa. Ya nuna wa Mariyama, ya nuna mini, don lokacin na zo gida goyon cikin fari, kuma na zauna har jego. Ya ce sauran kayan a ci gaba da ɗauka, amma wannan ita kaɗai ke kama manyan notocin kan famfo, in ta mutu babu wata a garin, kuma ga iyaka a rufe, ko a Konni irin wannan kaya ya yi wuya. Daga yau ba za ta ƙara fita ba sai wajen famfo.

Rashin sa'a, wanda ya fara zuwa bayan wannan shawara shi ne Alhaji Bawa, ƙanen mai gari, mai amalanken da ke kai albasa kasuwar Badaguishiri. Ina zaune a bayan zana ina jin su. Ya yi sallama, aka gaisa, ya ce a miƙo masa babbar. Da Yaya ya yi abin da kowa ke yi, ya ce wani ya ɗauka, da an wuce wurin. Shi kuwa bai iya ƙarya ba.

"Baba Alhaji, mi za ka yi da ita?"

Alhaji ya ɗaga murya.

"Ni kake tambaya, ɗan Mamman? Ni da na ga ranar sunanka?"

Yaya ya yi ta ba da haƙuri, ya ce in bugu ne ga guduma a wurin maƙeri, shi da kansa zai karɓo masa. Alhaji bai tsaya jin ƙarshen ba. Kafin la'asar maganar ta gama gari, kuma ba a ce ya yi tambaya ba, cewa aka yi ya hana dattijo kayan gari, ya mayar da su na ubansa.

Maza ba su yi masa komai ba a fili, gaisuwa ce kawai ta gajarce a ƙofar masallaci. Mata ne suka yi aikin, kuma ina faɗi ina jin kunya don ni ma mace ce. Mariyama ta shiga gidan da ta saba ɗaukar babban turmi aka ce ana daka, alhali ga shi can kife. Ta je ɗibar wuta aka ce ta mutu, hayaƙi na tashi a madafa. Rariya ta ɓace a gari duka. In ta tsaya layi a famfon da mijinta ke raya wa, sai habaici ya tashi, wannan ta ce a yi a hankali da hannun famfo kada mai shi ya hana, waccan ta amsa. A nan aka haifi sunan. Mariyama ba mai magana ba ce, takan dawo ta sauke tulu ta shiga ɗaki, sai dai ka ga idonta ya yi ja. Ni da ke da baki ga ni da ciki ya tsufa, an hana ni fita, sai zagi nake ta kan danga, wanda bai ƙara komai ba sai cewa da aka yi gidan duka haka suke.

Innarmu ce ta karya shi. Ɗanta na fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta ma kallonsa ido cikin ido. Ta tsaya a bakin ɗakinta ta juya masa baya tana magana kamar da bango. Ta ce ita dai ba ta haifi wanda za a kira da wannan suna ba, uban yaran nan ya mutu ba wanda ya taɓa fita gidansa hannu wofi, in ƙarfe ya fi mutunci a gaya mata. Ta ce ga yarinya za ta haihu, wa zai shigo barka a gidan da aka ƙaurace wa. Ba na ganin laifin Inna, Allah ya jiƙanta, abin da ta sani ke nan. Washegari Yaya ya ɗauki sifanar da hannunsa ya kai wa Alhaji Bawa har gida, ya durƙusa ya miƙa, bai tambayi komai ba.

Daga baya muka ji abin da aka yi da ita. Ƙarfen da ke riƙe ƙafafun amalankensa ne ya cije, suka kwantar da amalanken suka yi ta dukansa da bayan sifana, mutum biyu suna karɓa-karɓa, gidan maƙeri na nan kusa, in ka yi kira zai ji. Da aka dawo da ita, aka ce a gaya wa Haruna an gode, ga ta nan lafiya lau. Ya murza, ta tafi rabi ta tsaya. Ya girgiza ta, leɓen ya yi ƙara kamar haƙorin tsohuwa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya goge ta ya sa a akwati. Turmi ya dawo, wuta ta dawo, ranar sunan ɗana gidan ya cika maƙil. Sunan ne kawai bai tafi ba, ya zama na wasa, ana faɗi ana dariya.

Kwanan baya na shiga kasuwar Konni na ga sifanoni a shimfiɗe a kan buhu, manya da ƙanana, kusa da masu sayar da fitila. Duk da faɗuwar darajar kuɗin sefa da ta sa komai ya yi tsada, kowane ɗan kabu-kabu mai babur yana da tasa a ƙarƙashin sirdi, masu injin ban ruwa a fadamun albasa kowa da jakar kayansa. Na tsaya ina kallo har mai kayan ya ce Hajiya ko za a saya. Na ce a raina, Yaya, da ka ga wannan da me za ka ce? Na san shi, dariya zai yi, ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinta ya ce wannan ko aduwa ba za ta fasa ba. Ni ban yi dariya ba. Abin da ake tallarsa yau a ƙasa kamar tattasai, rashinsa ne ya fara tura yayana rami.

A waccan shekarar, bayan sunan ɗana, bazara na tsakiya famfo ya tsaya. Ana tuƙawa hannun na tafiya fayau, ba ruwa. Yaya ya ce wani abu ne ya saki a ciki, sai an buɗe kan. Ya ɗora sifana a babban noti, ya matse iya matsewa, ya ja, ta zame. Ya cusa ɗan gwangwani a bakinta don ya cike wasan, ya sake ja, ta sake zamewa. Yana yi mutane na tsaye a kansa, kowa da shawararsa, wasu na karɓa suna gwada ƙarfinsu, har kusurwoyin notin suka lashe ya zama sumul, babu abin da zai ƙara kama shi. Ya yanke shi da guntun zarton da ƙahon raguna suka bari, ya gyara abin da ya saki. Sai dai ba a mayar da kan famfo sai da sabon noti da ƙusarsa irin nasa. Ya je Badaguishiri babu, ya je Konni babu, mutanen proje kuwa sun daɗe da naɗe kayansu. Wani direba ya yi alkawarin nemo masa a garin Tawa, aka zauna jira.

Jiran nan ya yi tsawo. Mata na tafiya har fadama suna kwalfar ruwa a ramuka, su dawo rana ta take da rabin tulu ja wur. Awaki na kuka a turke. To, a nan ne bakin mutane ya juya. Waɗanda suka fasa sukari da gishiri da sifanar nan, su ne suka ce Haruna ya kashe famfo, ya lashe noti da gangancinsa, da ma can bai iya ba. Ba wanda ya ambaci amalanke, ko mutum ɗaya. Aka taru a ƙofar mai gari aka ce a koma tsohuwar rijiyar kakanni da aka bari tun zuwan famfo, a yashe ta. Masu aikin rijiya na gaske duk sun tafi cin rani. Sai Alhaji Bawa ya ce, cikin murmushi, wanda ya hana gari ruwa ai shi ya kamata ya nemo masa, kuma ga shi ba nauyi, igiya za ta ɗauke shi.

Wasu sun ce wai don wankan jegona ya shiga, don ya ga ana rage mini ruwa. Ƙarya ce, kuma na gaji da jinta. Na kama rigarsa da safen nan na ce ko da ƙasa zan yi wanka kada ya shiga, bai san aikin ba, bangon rijiyar ya shekara nawa ba a duba ba. Mariyama na tsaye da 'yarsu a baya. Ya zare hannuna a hankali.

"Rabi, na hana su abu guda kin ga abin da sunka yi ma Mariyama. In na hana su wannan, ina za mu zauna?"

Kafin ya sauka sai aka ce a auna zurfin, a ga inda laka ta tsaya. Aka nemi dutse mai nauyi da za a ɗaura wa igiya, wani ya ce ai ga sifana nan, tun da ba ta da sauran amfani. Aka ɗaura ta aka zura. Aikinta na ƙarshe ke nan, kuma ko shi ba nata ba ne. Aka ɗaure Yaya a ƙugu aka saukar da shi, yana cika kwando da laka ana ja. An ce har ba'a yake yi daga ƙasa, yana cewa a gaya wa Mariyama ta dama fura da yawa. Da hantsi ya yi, gefen gabas ya saki. Ni daga gida na ji ihun, na fita da jariri ba ko mayafi. An yi ta tono da fartanya da ƙwarya da hannu, mazan garin nan sun tona har farcensu ya yi jini, ba zan hana su wannan ba. Sai bayan la'asar aka fito da shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A zaman makoki kowa ya ce ƙaddara ce, kwana ya ƙare. Ni Musulma ce, na yarda kwanansa ya ƙare, ba wanda zai ƙara masa ko numfashi. Amma ƙaddara ba ta hana a ce wane ya yi kaza, in ba haka ba me ya sa ake zuwa gaban alƙali? Mun iya wannan kalma ƙwarai in laifin namu ne. Ba a tashi daga makokin ba wani ya shigo aron magagari, Mariyama na cikin takaba ta nuna akwati da hannu. Haka kayan suka bi gari ɗaya bayan ɗaya, ba mai bin su gida-gida yanzu. Direban nan ya kawo notin bayan an share makoki, wani mai gyara daga maƙwabcin ƙauye ya zo da kayansa ya ɗaura kafin azahar, ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa. Ya mayar da kayansa jaka ya hau kekensa, ba wanda ya ce masa marowaci.

Famfon yana nan har yau, an kafa masa kwamiti, akwai sabon akwatin kaya da kwaɗo a ɗakin mai gari. In na je gida nakan ga 'yan mata na tuƙa shi suna waƙa, ba su san wa ya fara kula da shi ba. Ina tambayar kaina ko Yaya zai ji daɗin kwaɗon nan. Ina jin zai ce to ai shi ke nan, an gane. Ni kuwa cewa nake, ashe sun san gaskiya ya faɗa, tun da ga shi sun kulle nasu, kuma ba wanda ya raɗa wa mai gari suna. Sun ɗauki shawararsa sun bar masa zagin. Shi mai yafiya ne, na sani, da zai dawo da ya gaisa da kowa har da Alhaji. Ni ba a yi ni da irin ƙasarsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Mariyama. Ba ta sake aure ba, tana nan a gidan da 'ya'yanta. Tun daga ranar ba ta ƙara hana kowa komai ba. A zo aron tabarmar da take zaune a kai, ta tashi ta naɗe ta miƙa. A zo aron tukunya tuwo na ciki, ta juye. Na yi mata faɗa har na gaji, takan ce ke dai Rabi ba ki zaune a garin nan. Mutane na yabonta, wai ba ta ɗauko halin mijinta ba.

Makon jiya na je muka yi masa sadaka kamar yadda muka saba duk bazara, muka toya waina, aka kira dattawa zaure. Alhaji Bawa ya zo, ya tsufa, yana dogara sanda. Aka yi addu'a, aka shafa, aka ci. Ina bayan zana na ji ya yi gyatsa ya ce Allah ya jiƙan Haruna, yaron kirki ne wallahi, rowar ƙarfe ce kawai aibinsa. Aka yi 'yar dariya, wani ya ce Allah ya yafe masa ita. A zaurensa, da wainarsa a bakinsu, suna roƙa masa gafarar gaskiyar da ya faɗa. Na yunƙura zan tashi, Mariyama ta danne mini gwiwa tana girgiza kai.

Ba a jima da watsewa ba sai ga surukar Alhaji ta yi sallama. Wai Baba ya ce a ba shi aron awartakin nan na marigayi, in yana nan. Shi kaɗai ya rage a akwatin, Mariyama ta naɗe shi a tsumma a ƙasan kayan ɗakinta. Kafin matar ta rufe baki Mariyama ta miƙe za ta ɗauko. Na riƙe bakin zanenta na zaunar da ita, na juya ga baƙuwar.

"Mi zai yi da shi?"

Ta buɗe baki tana kallona, ta ce ita dai aiko ta aka yi.

"To koma ki ce masa yana nan, ba a ɓace ba, ba wanda ya ɗauka, kuma ba a ba shi. In ya tambayi wa ya ce, ki ce Rabi, ƙanwar Mai-rowa."

Ta fita tana salati. Mariyama ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka, irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar da aka fito da shi. Da ta nutsu ta ce gobe ba za ta samu turmi ba. Na ce na sani. Na kwana, da safe na bi motar kasuwa zuwa Badaguishiri na sayo turmi da taɓarya da rariya, aka sauke su a ƙofar gida gari na kallo.

Yayana bai bar gona mai yawa ba, bai bar shanu ba, ko hotonsa ba mu da shi. Ya bar ruwan da suke sha, da tambaya guda da ya yi wa dattijo cikin ladabi, wadda ya biya da ransa. Na yi shekara goma sha biyu ina roƙon mutanen garinmu su cire masa sunan nan, yau na daina. Ku riƙe abinku, ku ci gaba da nuna wa baƙi gidan da shi. Amma duk wanda ya ƙara yin sallama a ƙofar nan da hannu a miƙe, ya zo da amsarsa a baki, don za a tambaye shi. Allah ya jiƙanka, Yaya, ya shayar da kai ruwan da ba a bin layi.